Likitan ido ya ce yarona yana da ciwon Marfan, ya tura mu wajen likitan zuciya: me ya haɗa ido da zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Babban yarona shekararsa 15, dogo ne siriri, ya fi kowa tsawo a ajinsu. Ya daɗe yana kukan ba ya ganin allo, da muka kai shi asibitin ido sai likita ya ce madubin cikin idonsa ya goce daga mazauninsa, yana zargin wani ciwo ne wai shi Marfan, ya ba mu takarda mu je wajen likitan zuciya. Yaron lafiyarsa ƙalau, har ƙwallo yake bugawa. Mahaifinsa ma dogo ne, Allah ya yi masa rasuwa shekara 6 da suka wuce yana da shekara 38, ciwon ƙirji ya kama shi bayan la'asar, kafin isha ya cika, aka ce olsa ce. Ɗan baffana ne, shi ya sa dangi ke cewa auren zumunci ne ya jawo. Yaron yana da ƙanne uku. Wane irin ciwo ne wannan, kuma ina za mu dosa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Kafin komai, ki riƙe takardar nan da likitan ido ya ba ku, ku je wajen likitan zuciya cikin makonnin nan, kada a bari sai an yi hutun makaranta. Yaron kuma ya dakata da ƙwallo har sai an duba shi. Likitan idon nan ya yi muku babban alheri, domin da yawa gilashi kawai ake yanka musu a sallame su.

Kin san yadda ake kwaɓa ƙasar gini a zuba mata ramno, wato yankakkiyar ciyawar da ke riƙe ƙasar kada katanga ta tsage. Jikin ɗan'adam ma yana da nasa ramnon: wasu zarurruka ne ƙanana da ido ba ya gani, suna ratsa fata da jijiyoyi da gaɓoɓi da ido da huhu, su ke ɗaure komai a mazauninsa, su ke sa abu ya miƙe ya kuma koma yadda yake. Ɗaya daga cikin sinadaran da ake saƙa zarurrukan nan da shi sunansa fibrilin. Umarnin yadda jiki zai ƙera shi yana cikin wata ƙwayar gado da ake kira FBN1, wadda a 1991 aka tabbatar ita ce tushen ciwon. Mai Marfan an haife shi da tangarɗa a wannan ƙwaya, sai zaren ya fito da rauni. Sunan ciwon kuma na wani likitan yara ne Bafaranshe, Antoine Marfan, wanda a 1896 ya yi bayanin wata yarinya 'yar shekara 5 mai dogayen yatsu da gaɓoɓi. Ana kiyasta mutum 1 cikin kowane 5,000 yana da shi, maza da mata, a kowace ƙabila. Ki auna yawan mutanen Kano kaɗai, za ki ga masu shi suna nan da dama, sanin sunan ne ya yi ƙaranci.

Tunda zaren yana ko'ina a jiki, alamun ma a warwatse suke. Madubin cikin ido rataye yake da irin waɗannan zarurruka, idan suka saki sai ya goce, kuma wajen mutum 6 cikin 10 masu Marfan suna samun haka. Ƙasusuwa sukan yi tsawon da ya wuce kima: dogayen hannuwa, zara-zaran yatsu, ƙirji ya lotsa ciki ko ya turo waje kamar na tantabara, ƙashin baya ya karkace, tafin ƙafa ya shimfiɗe, ganɗa ta yi zurfi haƙora su cunkushe. Wani za ki ga nankarwa a kafaɗarsa ko bayansa alhali bai taɓa yin ƙiba ba.

Akwai abin da za ki iya dubawa a gida yau da daddare. Ki ce ya lanƙwasa babban yatsansa cikin tafin hannu ya dunƙule sauran a kai: idan gaɓar ƙarshe ta babban yatsan ta leƙo ta ɗaya gefen hannun, alama ce. Sannan ya kama wuyan hannunsa da babban yatsa da ƙaramin yatsa na ɗaya hannun: idan suka zagaye har suka hau kan juna, ita ma alama ce. Ki ari tef ɗin awo na tela, ya jingina da bango ya ware hannuwa, ki auna daga kan yatsan dama zuwa na hagu, ki kwatanta da tsawonsa. A yawancin mutane kusan ɗaya suke, a mai Marfan faɗin hannuwan yakan zarce tsawon sosai. Amma kada a mai da wannan hukunci. Muna da dogaye sirara birjik a ƙasar nan, musamman cikin Fulani, kuma mafi yawansu ba abin da ke damunsu. Na kuma ga mai Marfan da tsawonsa bai kai ya kawo ba.

To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsawo ba ya kisa, ido kuma akwai gilashi akwai aiki. Abin da ya sa aka turo ku wajenmu shi ne babbar jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya ta raba wa jiki, wadda muke kira awota. Duk bugun da zuciya ta yi, kusan sau dubu ɗari a rana, sai jijiyar nan ta buɗe ta karɓi jinin sannan ta koma. Idan zaren bangonta mai rauni ne, komawar ba ta cika, sai gindinta, daidai inda ta fito daga zuciya, ya riƙa faɗaɗa kaɗan-kaɗan shekara bayan shekara, kamar tiyub ɗin keke da ya yi kumburi a gefe ɗaya. Faɗaɗar nan ba ta ciwo, ba ta sa haki, ba ta hana yaro gudu. Shi ya sa maganarki ta cewa lafiyarsa ƙalau gaskiya ce, amma ba ta kwantar mini da hankali ba. Ranar da bangon ya dare, jini yakan kutsa tsakanin ɓawonsa, mutum ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a ƙirji ko tsakanin kafaɗu kamar ana yaga shi, wani lokaci a rasa shi cikin sa'o'i.

Hajiya, ki yi haƙuri zan taɓa miki miki. Mutuwa lokaci ce, kuma ba wanda zai tabbatar da abin da ya faru da maigidanki tunda ba a yi bincike ba. Amma dogon mutum ɗan shekara 38, ciwon ƙirji bayan la'asar, rasuwa kafin isha, ga ɗansa da gocewar madubin ido: duk likitan zuciyar da ya ji labarin nan jijiyar nan zai fara tunawa kafin olsa. A wajenmu duk ciwon da ya tsaya tsakanin wuya da cibiya olsa ake ce masa, kuma wannan sunan ya rufe mutuwar mutane da yawa. Ki faɗa wa likitan labarin rasuwar dalla-dalla, yana daga cikin abin da zai yi aiki da shi. A Amurka ma sai da aka yi irin wannan rashin kafin mutane su farga. Flo Hyman, shahararriyar 'yar wasan ƙwallon raga da ƙungiyarsu ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 1984, ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar wasa a Japan a Janairun 1986, tana da shekara 31. Sai bayan rasuwarta aka gano Marfan ne, jijiyar ce ta dare. Da aka bi danginta aka duba, an sami ɗan'uwanta da matsalar, aka yi masa aiki.

Gwajin da za a yi wa yaronki hoton zuciya ne da ake kira eko. Ba allura, ba yanka. Zai kwanta ta gefen hagu, a shafa masa wani man mai sanyi a ƙirji, a ɗora 'yar na'ura irin ta hoton ciki da ake yi wa masu juna biyu, cikin rabin sa'a an gama. Abin da nake so ki kula da shi: ki roƙi a auna faɗin gindin awota a rubuta miki lambar, da santimita ko milimita. Sau da yawa takarda takan zo mini an rubuta zuciya lafiya lau, ba a ko ambaci jijiyar ba, domin wanda ya ɗauki hoton ba a gaya masa abin da ake nema ba. A yaro ba lambar kaɗai ake dubawa ba, ana kwatanta ta da shekarunsa da girman jikinsa. Bisa ƙa'idojin Ghent da aka sabunta a 2010, waɗanda likitoci ke bi a duniya, idan aka haɗa gocewar madubin ido da faɗaɗar gindin jijiyar, an tabbatar da Marfan ko ba a yi gwajin ƙwayar gado ba. Wannan sauƙi ne a gare mu, don gwajin ƙwayar gadon yana da tsada kuma galibi waje ake aika jinin. Bayan hoton farko akan maimaita bayan wata 6 don a ga saurin faɗaɗar, daga nan sau ɗaya a shekara har iyakar rayuwa, ko fiye idan ta girma. Ki sayi fayil guda ki riƙa tara takardun a jere. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai sosai, jerin lambobin shekara biyar shi ke nuna inda aka dosa.

Maganar auren zumunci kuwa, dangi sun ɗauko hukuncin sikila sun ɗora wa Marfan. A sikila sai uwa da uba duka sun ba da ƙwayar kafin yaro ya kamu, shi ya sa ake gwajin jini kafin aure. Marfan ƙwaya ɗaya ta isa, daga uwa ko daga uba. Da maigidanki bare ya aura daga wata ƙasa, lissafin bai canza ba: kowane ciki rabi da rabi ne, ko yaron ya ɗauko ko bai ɗauko ba. Wajen kashi 3 cikin 4 na masu ciwon gadonsa suka yi, sauran kuma a kansu tangarɗar ta fara ba tare da iyaye suna da ita ba. Gwajin AA da AS da ake yi kafin ɗaurin aure ba ya nuna shi sam. Ba abin da kika ci ko kika sha da cikinsa da ya jawo, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta zama tare. Inda zumuncin ya shigo wuri biyu ne. Tunda kakanku ɗaya da marigayin, ke ma a duba ki. Sannan akwai wani ciwon daban mai suna homosistinuriya da ke kama da Marfan, shi ma yana sa tsawo da gocewar madubin ido, shi kam sai iyaye biyu sun haɗu, kuma ya fi fitowa a auren dangi. Maganinsa daban ne, gwajin jini ke bambance su, don haka ki gaya wa likita cewa ku 'yan'uwa ne.

Ƙannensa uku duka a kai su awon ido da hoton zuciya, har wanda bai yi tsawo ba, har wadda take kama da ke. Idan hoton ƙaramin yaro ya fito lafiya ba a rufe littafi ba, akan sake dubawa yana girma domin alamun sukan bayyana a hankali. Baffanninsu da gwaggwanninsu ma suna da haƙƙin su sani. Na san wannan ya fi zuwa asibiti wuya, matar da mijinta ya rasu ta je ta ce wa dangin miji akwai ciwo a jininsu. Kada ki ɗauki maganar ke kaɗai. Ki nemi likita ya rubuta 'yar wasiƙa, ki ba wani babba da ake jin maganarsa a gidan, ko ki zo da shi asibiti ya ji da kunnensa.

Ba a warkar da Marfan, amma ana sarrafa shi, kuma bambancin da kulawa ke kawowa babba ne. A wani bincike na 1972 a Amurka, matsakaicin shekarun masu ciwon da suka rasu 32 ne. Zuwa 1995 tsammanin rayuwarsu a can ya kai shekara 72. Abu uku suka kawo haka: awo a kai a kai, magani, da yin aiki kafin jijiyar ta dare. Magungunan ba baƙi ba ne, na hawan jini ne da ke kowane kantin magani: atenolol ko propranolol masu rage ƙarfin bugun zuciya, da losartan. Ana ba mai Marfan ko jininsa bai hau ba, don a rage dukan da bangon jijiyar ke sha. Wani babban gwaji da aka buga a 2014 a kan yara da matasa ya kwatanta atenolol da losartan bai sami wani bambancin kirki ba, saboda haka likita zai zaɓi wanda ya dace da yaron, misali mai asma ba a cika ba shi irin su propranolol ba. Kada a saya a kemis a fara ba awo, kada kuma a daina farat ɗaya don ya ƙare ko don azumi ya zo, a tambayi likita yadda za a mai da shi sahur ko buɗa-baki.

Aiki kuma akan yi maganarsa idan gindin jijiyar ya kai santimita 5 a babba, ko 4.5 idan akwai wanda ta taɓa dare wa a dangi ko tana saurin faɗaɗa. Ana cire wurin da ya kumbura a sa bututun roba na musamman. Wani lokaci har da ƙyauren zuciya, wato murfin da ke hana jini komawa baya, ake canzawa, irin aikin da wani likitan tiyata na Landan mai suna Bentall ya fara bayyanawa a 1968, idan kuma ƙyauren ƙarfe aka sa sai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, da gwajin jini har abada. Wani lokaci akan bar wa mutum nasa ƙyauren. Ba zan ɓoye miki ba, aiki ne mai tsada, wuraren da ke yinsa a Najeriya kaɗan ne, wasu Indiya ko Masar suke tafiya. Amfanin awon shekara-shekara ke nan a wajen talaka: yana ba da shekaru na shiri, a san ina za a je, a tara abin da za a tara, maimakon a tashi da tsakar dare ana neman miliyoyi. Da yawa kuma sukan yi shekaru masu yawa ba su kai ga aikin ba.

Yanzu zaman yau da gobe. Abin da ake gudu shi ne yunƙurin da ke sa mutum ya riƙe numfashi ya yi nishi, da kuma karo. Saboda haka ban da ɗaga ƙarfe, ban da dambe da kokawa, ban da gasar ƙwallon ƙafa ko ta kwando, ban da ɗaukar buhu, tura kurar ruwa ko tura motar da ta mutu. A rubuta wa makaranta takarda a ɗauke masa tsallen kwaɗo da sauran horo mai wahala, a kuma zaunar da shi a gaban aji. Amma kada a mai da shi ƙwai a cokali: tafiya, keke a hankali, wasa marar karo duk suna da amfani. Dogon yaro kowa ce masa yake ya shiga soja ko ɗan sanda, gara tun yanzu a karkata hankalinsa ga karatu ko sana'ar da ba ta son ƙarfi. Zai ji zafin rabuwa da ƙwallo fiye da yadda kike zato, ga tsokanar 'yan aji da sunaye irin su zangalo ko falwaya. Ki bar shi ya shiga wajen likita ya yi tambayoyinsa da bakinsa, ɗan shekara 15 da aka yi wa bayani ya fi wanda aka yi wa doka riƙe magani.

Akwai wani magani da nake so ki haddace sunansa: ciprofloxacin, wanda ake ce wa sifro, da 'yan'uwansa levofloxacin da ofloxacin. A Disambar 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa suna ƙara haɗarin darewar babbar jijiya, ta kuma ambaci masu Marfan cikin waɗanda za a kauce wa ba su sai in babu makawa. A wajenmu kuwa duk zazzaɓin da ya kwana uku taifot ne, kuma sifro ake miƙowa. Duk inda za a rubuta masa magani ya ce yana da Marfan. Maganin mura mai buɗe hanci da lemukan ƙara kuzari su ma a bar su. A kula da haƙora, domin ƙwayoyin cuta daga ruɓaɓɓen haƙori sukan sauka a ƙyauren zuciya mai rauni. Idon kuma a kai shi awo duk shekara, saboda masu Marfan sun fi saurin samun yanar ido da hawan jinin ido da ɓallewar tantanin bayan ido. Kada a yarda masu aikin ido na gargajiya su taɓa shi ko da wasa.

Ki rubuta a ɗan kati ya riƙa yawo da shi a aljihu: sunan ciwon, maganin da yake sha, lambar awon ƙarshe, da wayarki. Idan ya ji ciwo mai tsanani kwatsam a ƙirji, baya ko ciki, ko numfashi ya ɗauke masa, ko ya suma, a wuce babban asibiti kai tsaye a nuna katin, a ce a duba jijiyar, kada a tsaya kemis. Numfashin yana iya zama huhu ne ya sace, shi ma yana faruwa da su. Idan ya ga walƙiya a ido ko kamar an saki labule ta gefe, asibitin ido a ranar.

In cikin ƙannen akwai mace kuma aka same ta da shi, maganar ciki sai an zauna. Juna biyu yana ƙara wa jijiyar nauyi, haɗarin ya fi yawa a watannin ƙarshe da makonnin bayan haihuwa. Ana auna jijiyar kafin a ɗauki ciki, idan ta wuce santimita 4.5 akan ba da shawarar a gyara tukuna, a daina losartan domin yana cutar da ɗan tayi, a haihu a babban asibiti. Masu Marfan suna aure suna haihuwa, sai dai wanda zai aura ya san gaskiya tun kafin a kai kuɗi.

Inda za ku dosa: asibitocin koyarwa suna da sashen zuciya da na'urar eko, kamar na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri. Don ido akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, don karkacewar baya ko ƙirji akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ki zaɓi likita ɗaya, na zuciya ya fi, ya zama shi ke riƙe da zaren duka, in ba haka ba za ku yi ta yawo tsakanin layuka kowa na duba nasa yanki. Ki tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, mutane da yawa ba su san da shi ba, sannan ki bincika shiga inshorar lafiya ta tarayya ko ta jiharku tun ba a kai ga babban kashe kuɗi ba. A intanet akwai Marfan Foundation ta Amurka, wadda aka kafa a 1981, da Marfan Trust ta Ingila. Bayanansu ingantattu ne kuma kyauta, da Turanci suke, yaron zai iya karanta miki. A zaurukan Facebook na masu ciwon za ku ga mutane masu irin jikinsa sun girma sun yi aure suna aiki, wannan kaɗai yana rage wa yaro kaɗaici, amma kada a ɗauki shawarar magani a can, kuma duk mai tallan maganin da zai warkar da shi kuɗinki yake so. Ki kuma tambayi likitanku ko akwai wani gidan da yake dubawa masu irin wannan lalura da za su yarda a haɗa ku.

Ranar da za ku je, ki tafi da takardar likitan ido, da hoton marigayin na tsaye in akwai, da jerin duk wanda ya yi mutuwar fuju'a ko ya makance da ƙuruciya a danginku, da shekarun da kowannensu ya yi. Allah ya ba shi lafiya.